Daga Landan Zuwa Faris: Bayani Ga Mai Gaggawa

Tsakanin birnin Landan da birnin Faris akwai kilomita 344. Ka riƙe wannan adadi da kyau, domin har ka je ka dawo babu inda za a tambaye ka shi. An auna shi ne a miƙe, daga tsakiyar wannan gari zuwa tsakiyar wancan, kuma har yau ba a ƙera abin hawan da ke bin wannan layi ba. Idan kana so ka ji nisan a jikinka, kusan daidai yake da tazarar Kano da Abuja a miƙe, sai dai a nan akwai teku a tsakani.

Za ka ji ɗan Ingila ya ce nisan 214 ne. Kada ka yi masa gardama, mil yake nufi. Matuƙin jirgi zai ce 186, shi ma yana da gaskiya, domin da mil ɗin teku yake awo, tunda a sama yake aiki. Bafaranshe kuwa ba ya sauka daga kan kilomita, kuma yana da hujja: kakanninsa ne suka ƙirƙiro mita a shekarun 1790, suka ce tsawonta kashi ɗaya ne cikin miliyan goma na nisan da ke tsakanin ƙuryar arewacin duniya da layin da ya raba duniya biyu. Da aka tashi zaɓen layin da za a bi a yi awon, sai aka yi dace ya ratsa ta Faris. Saboda haka nisan uku ne, kuma duka ukun ɗaya ne. Idan ka fahimci wannan, sauran ba wuya.

Lokacin tafiyar kuma huɗu ne. Jirgin da aka fi sawa a wannan hanya, irin su Airbus A320, yana gudun kimanin kilomita 830 a awa idan ya daidaita a sama. Ɗauko biro ka raba 344 da 830, za ka samu minti 25. Wannan shi ne lokaci na farko, kuma na 'yan makaranta ne. Na biyu shi ne wanda jirgin ke yi a sama da gaske, galibi minti 45 zuwa 50. Na uku shi ne wanda aka buga a tikiti, awa ɗaya da minti 20 ko kusa da haka. Na huɗu naka ne, za mu zo kansa.

Faris tana kudu maso gabashin Landan, don haka abin da za ka fara yi shi ne ka nufi yamma. Can filin jirgin saman Heathrow yake, kimanin kilomita 24 daga tsakiyar gari. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Piccadilly zai kai ka cikin kusan awa ɗaya, yana tsayawa a kowace tasha domin kada wata ta ji an raina ta. Da ka isa, nisan da ke tsakaninka da Faris ya zama kimanin kilomita 353. Ka ci awa ɗaya kana tafiya, ka samu ƙarin kilomita tara. Wannan alama ce ta cewa kana kan hanya daidai.

Heathrow na da zauruka huɗu na fasinja: na 2, na 3, na 4 da na 5. Kada ka tsaya neman na 1, an rufe shi tun 2015, ragowar kuma kowanne ya riƙe lambarsa. Ka kuma tabbata Heathrow ɗin ne a tikitinka, domin filaye shida ne ke amsa sunan Landan a jadawalin jiragen fasinja, kuma mafi yawansu ba a Landan suke ba. Faris ma haka. Akwai filin da ake kira Paris-Beauvais, kilomita kusan 85 daga Faris. Idan wata rana tikiti mai araha ya sauke ka a can, ka sani cewa daga filin jirgin Faris zuwa Faris tafiya ce da ta kai a yi sallar ƙasaru.

Ana so ka isa fili awa biyu kafin tashi. Dalili a bayyane yake: tafiyar gajera ce, in ba a ƙara mata wani abu a gaba ba, ba za ta ji jiki ba. A cikin awa biyun nan za ka bi layi ka miƙa akwati, sannan ka bi wani layin ka miƙa kanka. Za a ba ka tire na roba, ka zuba waya, makullai, kwabbai, agogo, kwamfuta, da ɗamarar wandonka. Sai ka shiga na'ura a ce ka buɗa ƙafa ka ɗaga hannu biyu. Ka lura da lissafin: hannuwa biyu ne gare ka, duka an buƙace su, ɗamara kuma tana cikin tire. Abin da wando zai yi a wannan daƙiƙa tsakaninsa ne da Ubangijinsa. Mai tazuge ya huta, kuma a ganina wannan na cikin wuraren da kakanninmu suka yi wa Turai nisa.

Tun 2006 aka ƙayyade cewa duk wani abu mai ruwa-ruwa da za ka shiga jirgi da shi kada ya wuce mililita 100. Girman kwalbar ake dubawa, ba abin da ke cikinta ba. Kwalbar turare mai cin mililita 200 da saura ɗigo uku a gindinta ta karya doka, kwalabe biyar masu cin ɗari-ɗari cike taf kuwa lafiya lau. Wasu filayen sun sayi sababbin na'urori sun sassauta, wasu ba su saya ba, kuma za a sanar da kai wanne ne wanne idan ka kai gaban layi. Da ka wuce shingen binciken da taku ashirin akwai kanti, inda za ka iya sayen ruwa ko turare gwargwadon ƙarfin aljihunka ka shiga jirgin da shi. Ruwan bayan shinge daban yake da ruwan gaban shinge. Ya fi tsada.

Kada tuɓe-tuɓen nan ya dame ka, al'adar wannan hanya ce tun fil azal. Mutanen farko da suka haye wannan mashigin teku ta sama su ne Jean-Pierre Blanchard da Dakta John Jeffries, a cikin balan-balan, ranar 7 ga Janairun 1785. Suna tsakiyar ruwa balan-balan ɗin ya fara yin ƙasa. Suka zubar da kayan nauyi, suka zubar da guzuri, suka jefar da rigunansu, shi Blanchard har da wando, sannan suka samu suka kai gaɓar Faransa bayan awa biyu da rabi. Bambancin da aka samu a yau na tsari ne. Su sun tuɓe cikin ruɗu a kan teku, kai kuwa za ka yi naka a ƙasa, a layi, gaban ma'aikaci.

Za a kira fasinjoji rukuni-rukuni, kowa kuma zai miƙe lokaci guda. Ka miƙe kai ma. Kujerarka na da lamba, babu mai zama a kanta, jirgin kuma ba zai tafi da wanda ya riga shiga ya bar na baya ba, amma tsayuwar na da muhimmanci.

Agogon tikiti yana fara aiki ne daga lokacin da wata ƙaramar mota ta tura jirgin da baya. Ke nan motsin farko da jirgi zai yi a kan hanyarsa ta zuwa Faris, ja da baya ne. Daga nan sai ya shiga sahu. Heathrow titin tashi da sauka biyu kacal gare shi, jirage kimanin 1,300 kuma ke amfani da su a kullum, saboda haka za ka yi wani ɓangare na tafiyarka ta sama a kan tayoyi, cikin natsuwa, kana kallon wutsiyar jirgin da ke gabanku. Jirgi yakan tashi ne yana fuskantar iska, iskar Landan kuma daga yamma ta fi zuwa, don haka sau bakwai cikin goma za ku tashi kun nufi Amurka. Bayan 'yan mintoci matuƙi zai karya kwana. Har sai ya wuce tsayin ƙafa dubu goma ƙa'ida ba ta yarda ya wuce gudun kimanin kilomita 460 a awa ba. Da ya gama hawa sai ya tarar lokacin gangara ya yi. Gudun 830 ɗin nan da muka yi lissafi da shi yana nan, jirgin na da shi, wurin nuna shi ne dai babu. A tsakanin hawa da gangara, ma'aikata za su turo keken shayi. Wanda ke kujerun tsakiya zai ga keken da idonsa.

Za ku sauka a Charles de Gaulle, wanda aka buɗe a 1974, kimanin kilomita 25 arewa maso gabashin Faris. Fili ne mai faɗi, titunansa huɗu, kuma daga inda tayoyi suka taɓa ƙasa zuwa inda jirgi ke tsayawa akwai tafiya. A wani wurin ma jirgin kan hau gada ya tsallake babbar hanyar mota. Leƙa taga za ka ga motoci a ƙarƙashinka sun nufi Faris. Kada ka kwatanta gudunku.

A nan sai ka natsu, domin mutane da yawa kan ɗauka sun iso alhali ba su iso ba. An yi shari'a a kan wannan. Wani fasinja ya taso daga Salzburg ta ƙasar Ostiriya zuwa filin Cologne na Jamus. Dokar Tarayyar Turai ta 2004 ta tanadi diyyar yuro 250 ga mai gajeriyar tafiya, kuma kotu ta riga ta ce wanda aka makarar da awa uku ya cancance ta. Tayoyin jirgin nan sun taɓa ƙasa da makarar awa biyu da minti 58. Jirgin ya isa inda zai tsaya da makarar awa uku da minti 3. Kamfani ya ce an iso tun da taya ta taɓa kwalta, fasinja ya ce shi dai yana ɗaure a kujera. Magana ta kai har Kotun Tarayyar Turai da ke Luxembourg, kuma a watan Satumban 2014 alƙalai suka yanke cewa jirgi ya iso ne a lokacin da aka buɗe aƙalla ƙofa ɗaya, fasinjoji suka samu izinin fita. Saboda haka idan ka ga kanka a tsaye tsakanin kujeru, wuya a karkace ƙarƙashin ma'ajiyar kaya, jakar maƙwabci a kan kafaɗarka, wayarka ta riga ta yi maka maraba da zuwa Faransa, to a shari'ance kana hanya. Ka kuma sani cewa a ƙididdigar kamfanonin jirage, jirgin da ya makara da minti 14 bai makara ba. Makara daga minti 15 take farawa. Abin da ke ƙasa da haka jin jikinka ne kawai.

Sai layin fasfo, sai jiran akwati, wanda ya yi tafiyar da ka yi a jirgin da ka hau amma ya fi ka bin a hankali. Sai jirgin ƙasa na RER B, wanda zai kai ka tashar Gare du Nord cikin minti talatin da 'yan kai.

Yanzu duba agogo. Ka bar Landan ƙarfe 9:00, ka sauka Faris 11:20. Ranar komawa za ka bar Faris ƙarfe 9:00, ka sauka Landan 9:20. Zuwa awa biyu da minti 20, dawowa minti 20. Wannan ya tabbatar da cewa Landan ta fi kusa da Faris fiye da yadda Faris take kusa da Landan, da awa biyu cif. Masu ilimi za su ce maka bambancin agogo ne, kuma haka ne, amma ya kamata ka san inda aka samo shi. Rana ba ta san da awa ɗaya tsakanin biranen nan ba. A wurinta, Faris ta riga Landan da minti 9 da daƙiƙa 21 ne kawai. A 1884 ƙasashe 25 suka taru a Washington domin zaɓen inda agogon duniya zai fara, 22 suka zaɓi Greenwich ta Landan, wato agogon GMT ɗin nan da kake ji a rediyo. Faransa ta ƙi jefa ƙuri'a. Sai a 1911 ta sauko, ta kafa doka cewa lokacin ƙasar shi ne lokacin Faris da aka jinkirta da minti 9 da daƙiƙa 21. Idan ka yi lissafi za ka ga wannan shi ne agogon Greenwich daidai wa daida, amma babu wanda ya ambaci sunan, kuma kowa ya tashi da mutuncinsa. A 1940 sojojin Jamus suka shiga Faris suka mayar da agogo irin na Berlin. An kori sojojin, agogon ya zauna. Ke nan cikin awa ɗayan da ta ɓace maka a sama, minti 9 da daƙiƙa 21 na rana ne, minti 50 da daƙiƙa 39 kuma ragowar Yaƙin Duniya na Biyu ne. Za a mayar maka da ita ranar da ka koma Ingila. Wanda ya zauna a Faransa ya bar ta ke nan.

Kai da ka zo da agogon gida ma sha'aninka ya fi sauƙi. Da hunturu agogon Faris ɗaya yake da na Kano da Damagaram. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba kuma, Turawa kan tura agogonsu gaba da awa guda, sai na Landan ya zama shi ne ɗaya da namu. Kada ka taɓa agogonka. Kullum yana daidai da ɗayan biranen biyu, abin da ya rage maka shi ne ka tuna watan da ake ciki da garin da kake.

Minti 20 na dawowa ma akan ƙawata su. Idan jirage suka yi yawa, Heathrow na da wurare huɗu a sama inda ake jira: Bovingdon, Lambourne, Ockham da Biggin Hill. Jirage kan jeru hawa-hawa, tsakanin kowanne da na ƙasansa ƙafa dubu, suna kewaye wuri ɗaya har a kira na ƙasa, kowa ya sauko mataki guda. Za ka ga gona ɗaya sau uku ta taga ɗaya. Wannan kewaye ba ya cikin kilomitocin da ka biya, kyauta ne.

To, ga lokaci na huɗu. A ce minti 60 zuwa Heathrow, 120 a fili, 80 na tikiti, 40 na fasfo da akwati, 40 zuwa cikin gari. Jimla 340. Kilomita 344 cikin minti 340, wato kilomita ɗaya a minti, 60 a awa. Louis Blériot, wanda ya fara haye mashigin da jirgi mai inji ranar 25 ga Yulin 1909, cikin wani abu na katako da yadi da waya, ya yi kilomita talatin da 'yan kai cikin kimanin minti 37. Kusan kunnen doki kuka yi, kuma shi ba a ba shi shayi ba.

Domin ka ga nisan da aka yi, ranar 25 ga Agustan 1919 aka fara jigilar fasinja ta kullum a wannan hanya, daga Hounslow Heath, nan kusa da inda Heathrow yake yau, zuwa filin Le Bourget na Faris. Awa biyu da rabi jirgin ya yi, ɗauke da fasinja ɗaya, da jaridu, da fata, da tsuntsayen dawa da aka harbo, da kwalaben kirim na madara waɗanda a yau da sun ƙare a kwandon gaban shinge. A 1959 kuma jaridar Daily Mail ta sa gasar sauri tsakanin Marble Arch a tsakiyar Landan da Arc de Triomphe a tsakiyar Faris. Wani hafsan sojan saman Ingila, Charles Maughan, ya haɗa babur da jirgi mai saukar ungulu da jirgin yaƙi, ya gama cikin minti 40 da daƙiƙa 44, daga tsakiyar gari zuwa tsakiyar gari. Tun daga lokacin an samu ci gaba sosai.

Duk wannan lissafi na wanda ke da izinin shiga ne. Ingila ba ta taɓa shiga tsarin bizar bai ɗaya ta Schengen ba, don haka mai fasfon Najeriya ko na Nijar biza biyu yake buƙata domin kilomita 344. Ƙa'idar ta Schengen ta ce a ba da amsa cikin kwana 15, ana kuma iya kai wa 45. Idan ka sa kwana 15 a cikin lissafi, gudunka ya koma ƙasa da kilomita ɗaya a awa. Kyaftin Matthew Webb, wanda ya haye mashigin da iyo a 1875 cikin awa 21 da minti 45, ya fi haka sauri. Shi ya sa ba a sa kwanakin biza a lissafi.

Saura gargaɗi ɗaya. Za ka haɗu da masu ce maka ka hau jirgin ƙasa. Gaskiya ne tun 1994 akwai rami mai tsawon kilomita 50 da ya haɗa ƙasashen biyu, kusan 38 daga ciki a ƙarƙashin teku, kuma jirgin Eurostar kan tashi daga tashar St Pancras ta Landan ya shiga Gare du Nord cikin kimanin awa biyu da minti 20. Amma ka auna da hankali. Iyakar gudunsa kilomita 300 a awa, naka 830. Hanyarsa ta kai kusan kilomita 490, taka ba ta kai 350 ba. Daga tsakiyar gari yake tashi, a tsakiyar gari yake tsayawa, ta yadda mutum zai je ya dawo bai ga bayan garin kowa da ƙafarsa ba. Faransa ma a 2023 ta hana jiragen sama na cikin gida a inda jirgin ƙasa ke kai mutum ƙasa da awa biyu da rabi, dokar ta faɗa kan hanyoyi uku daga filin Orly na Faris: Nantes, Lyon da Bordeaux. Taka hanyar ta tsallaka iyaka, dokar ba ta shafe ta ba, haƙƙinka na yin sauri yana nan daram.

Idan abokin tafiyarka ya ƙi jin shawara ya bi ta rami, ku yi alkawarin haɗuwa a Gare du Nord, tunda duk nan za ku ɓullo. Za ka same shi zaune, ya ci abinci, ya yi sallah, wataƙila har ya ɗan runtsa. Kada ka yi masa gori. Ka gaishe shi da gajiya, domin shi awa biyu da minti 20 ya yi a hanya, kai kuwa awa ɗaya da minti 20 kawai ka yi.